Kyanwar da Ba Ta Sata

Ni dai tun ina yarinya ban iya yarda da abu don kawai an ce mini haka yake ba. In aka auna mini hatsi sai na sake aunawa a gida. In aka cika yi mini fara'a sai na shafa bakin zanena in ji ko ƙullin yana nan. Mijina, Allah ya jiƙansa, yakan ce ko Aljanna aka kai ni sai na leƙa bayan ƙofa kafin in zauna, ni kuma ban taɓa musa masa ba. Duk wanda ya ci abinci da sana'ar kifi ya san kowane mai numfashi idonsa na kan abin da ka shanya.

Garinmu ɗan ƙauyen masunta ne a kan wani tudu, gabas da birnin Haɗeja, wajen Kirikasamma. Da damina in kogi ya cika ya batse, ruwa kan zagaye mu ta ko'ina, sai da jirgi ko gora ake fita. Ni ba 'yar garin ba ce. Aure ne ya kawo ni daga yamma, can saman kogi, ba wanda ya san uwata a nan balle kakata, kuma wannan bai taɓa damuna ba sai daga baya. Da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya tilo, wadda har yau kunyar 'yar fari ba ta barina in kama sunanta. Sai na ci gaba da abin da na iya. In karɓi ɗanyen kifi a hannun masunta, in farke, in wanke, manya in yi banda, ƙanana in shanya a tabarma, da rani fatake su zo da jakunansu su kwasa zuwa Kano.

Shekarar da zan ba da labarinta ruwa ya wuce inda ya saba tsayawa. Ɓerayen fadama kaf suka rasa ramukansu, suka hauro tudu suka tare a gidajenmu. Sun ci mini kifi a kwando, sun ci a ragaya, sun huda buhun kaba sun yi gida a ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba sa cinye ɗaya su koma ɗaya, sai su gutsuri cikin wannan su gutsuri bayan wancan, su bar mini abin da ba falken da zai kalla. Na toshe ramuka da ƙaya, na kafa tarko, na zuba tafasasshen ruwa. Kamar ina ƙara musu aure.

Da ruwa ya ja na shiga birni da ɗan abin da ya tsira. Gidan da nakan sauka na wata Babarbariya ce mai sayar da kanwa, na tarar kyanwarta ta haihu a bayan randa. Na daɗe ina kallon 'ya'yan, sannan na nuna wata mai ruwan toka da fari a ƙirji na ce a ba ni. Da baƙa ce da ban ɗauka ba, don na san bakin mutane. Ashe bakin mutane bai damu da launi ba.

Sai an san ƙauyen masunta za a gane girman abin da na yi. A wurinmu ba a kiwon kyanwa. In aka ga muzuru ya biyo danga, yara da manya jifa suke. Ranar da na dawo, maƙwabciyata, wadda danga ɗaya ta raba mu, ta leƙo ta ga abin da na sauke daga kwando, ta riƙe baki.

Ta ce, "Yaya, kyanwa a gidan kifi? Ai kin ba kura ajiyar nama."

Na ce, "Kurar ma in an same ta tun tana tsumman goyo, ana iya gyara ta."

Ta ce, "To, Allah ya ba mu rai da lafiya, ma gani."

A raina na ce za ki gani kuwa. Ni mutum ce da in aka ce ba zan iya ba, to an gama ɗaure ni.

Kwanakin farko ta yi sata, kuma gaskiya na ji daɗi, don gara in san da wa nake zaune. Tana ganin na juya baya sai ta lallaɓo ta ja kawara ɗaya ta shige ƙarƙashin rumbu. Na bar ta ta yi ta yi har na gane lokacinta da hanyarta. Sannan na ware mata kasko a gindin turmi, na riƙa zuba mata kai da hanji da safe da yamma, kafin in zuba kuwa sai na ƙwanƙwasa kaskon da tsinke, don ta san wannan ƙarar ita ce izini. Sai kuma na shiga tara matsarmamar kifi in ina farka. In fasa ta in kwaɓa da barkono, in cusa a cikin kifi mafi kyau, in ajiye shi a gefen tabarma inda ta saba ɗauka. Ranar farko da ta gartsa, ta yi tsalle da baya tana kumfa tana goge baki a ƙasa, 'yata ta yi dariya har ta zauna. Ni ban yi dariya ba, kallonta nake in ga ko ta gane.

Ba ta gane da wuri ba. Sai ta koma ɗauka daga tsakiya, ni ma na mai da tarkona tsakiya. Ta koyi shinshinawa, na koyi cusa ɗacin can ciki in rufe da kitse. Mun daɗe muna wannan wasan, ga tsinken kaba da nake ɗan tsula mata a hanci in ta ɗora ƙafa a tabarma, ga ruwa a ludayi da nake watsa mata in ta doshi wurin banda. Dukan gaske dai ban taɓa yi mata ba. Na koya mata yin bayan gida a jujin toka, na hana ta sa baki a randa, ko da yake liman ya ce sauran ruwan da ta sha ba najasa ba ne, ana alwala da shi. Na ce to, malam ya yi alwalarsa, ni dai randata ba mashaya ba ce.

Kafin rani ya raba, ta daina. Sai in shimfiɗa tabarma in baza kifi, ita kuma ta zo ta zauna a gefe ta naɗe ƙafafu, kamar wadda aka ɗauka aiki.

Nan ne fa hankalina ya tashi. Ɓarawon da ya daina sata rana tsaka, ai sabuwar hanya ya samo. Na tankaɗe toka na barbaɗa ta kewaye da tabarma don in ga sawu, na dawo na tarar da tokar lumui. Na jera kifin kawunansu duk suna duban gabas, na dawo ba wanda ya juya. Na ɗauki tulu na yi sallama da ƙarfi kamar zan tafi kogi, na zagaya bayan zana na tsuguna ina leƙe ta wata kafa har ƙafafuna suka yi tsami. Tana nan zaune, sai dai ta lashi hannu ta shafa fuska. Na ce ta san ina nan, ƙamshina take ji. Sai na tafi kogin da gaske, ina dawowa na cafke ta na buɗe bakinta na shinshina. 'Yata ta ce, "Inna, don Allah ki ƙyale baiwar Allah nan, wallahi ta fi wasu mutanen amana." Na ce ai su ma mutanen haka suke fara wa.

Amma gani ya kori ji. Ɓeraye suka ƙaura. Kaji in sun doso tabarma sai ta miƙe kawai, su juya. Shirwa in ta yi shawagi, ita ke fara gani, ta yi wani kuka ƙasa-ƙasa in fito da sanda. Na samu sararin zuwa kogi da ɗebo itace ba tare da na ɗaure 'yata a gindin shanya ba. Da yamma in na miƙe ƙafa sai ta zo ta kwanta a kai. Na so kyanwar nan, ba zan ɓoye ba. Tun rasuwar mijina ba abin da na sakankance da shi kamarta.

Labari ya bazu. Yara suka riƙa hawa danga suna kallo, mata suka riƙa shigowa da hujjar aron taɓarya. Ni kuma kai ya kumbura, in ƙwanƙwasa kasko ta taho a guje, in ɗaga yatsa ta tsaya cak, in ɗauki tarwaɗa mai maiƙo in gitta ta gaban hancinta ta kau da kai. Sai su ce, "Ikon Allah!" Da farko da dariya suke faɗa. Ban lura da ranar da dariyar ta fita daga cikin maganar ba.

Abin da na fara lura da shi wuta ne. Kullum da safe maƙwabciyata takan aiko a ɗebi garwashi a wurina, don wutar banda ba ta mutuwa. Sai aka wayi gari na ga an wuce ƙofata an tafi gida na uku. Na ce to, wataƙila an yi mini fushi ne a kan wani abu. Bayan nan na aika mata da romon kan kifi kamar yadda muka saba, da na leƙa ta danga sai na ga an juye wa kaji. A bakin kogi in na iso, sai hira ta koma ta tsadar gishiri. Wata mai jego da muka yi kiciɓis a lungu ta gaishe ni har ƙasa, amma hannunta na baya yana jan zane a kan fuskar jaririn. Masunta ba su daina ba ni kifi ba, sai dai maimakon su miƙo mini hannu da hannu, sai su zube a ƙasa su ja da baya. Ruwa ba ya tsami banza. Na san akwai magana, ban dai san kanta ba.

Da damina ta sake kamawa, ɗan maƙwabciyata ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Yaron nan kullum yana kan danga yana kallon kyanwata, to me zai faɗa in ya fita hayyacinsa? Sai ya riƙa cewa, "Mage, mage, ga ta nan." Na ɗauki mayafi na je dubiya, kakarsa ta tare ni a ƙofa ta ce barci yake, alhali ina jin nishinsa. Allah ya ba shi lafiya ya tashi, na ce shi ke nan, ƙura ta lafa. Ashe tashin nasa ma a kaina ya faɗa. Wai na ga an gane ni ne na saki kurwarsa.

'Yata ce ta faɗa mini. A lokacin an riga an ba da ita ga wani yaro manomin shinkafa daga ƙauyen da ke tsallaken ruwa. Shi yana sonta, ita ma in an ambace shi sai ta rasa inda za ta sa idonta. An kawo kayan gaisuwa, saura a sa rana. Sai muka ji shiru, wata ya fito ya ɓace ba aike. Wata rana da hantsi na same ta tana daka tana share hawaye da kafaɗa.

Na ce, "Ke, me aka yi?"

Ta ce, "Ba komai, Inna."

Na karɓe taɓaryar na ce, "Ba komai ba ya jiƙa gari. Faɗa mini abin da ake cewa a kogi."

Kanta a ƙasa ta ce, "Cewa suke kyanwar da za ta zauna da kifi ba ta ci ba, ƙoshe take da wani abin. Wai ke kike ci ki ba ta. Wasu ma sun ce ba kyanwa ba ce. Kuma wai ba wanda ya san daga inda Iya ta fito." Iya uwata ke nan, wadda ta rasu ba ta taɓa taka garin ba.

Na zauna a kan turmi. Maita suke nufi. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake cewa, a nono ake shanta, daga uwa zuwa 'ya. Ni tawa ta ƙare, na tsufa, in sun ga dama su daina gaishe ni. Amma in kalmar nan ta zauna a kaina, 'yata ba za ta auru ba, a nan ko a tsallake, har 'ya'yan da ba ta haifa ba an gama da su. Na dubi kyanwar tana zaune a wurinta, sai na ji wani abu ya ɗarsu a raina, na ce to ko dai? Ni da hannuna na kwaɓa ɗacin, ni na tsula mata tsinke, amma sai da na tsaya ina ƙare mata kallo. Haka zato yake, in ya shiga gari ba ya tsallake gidan kowa.

Na je wurin liman. Ya ce zato zunubi ne, kuma zai yi wa mutane nasiha. Ya yi kuwa, maza suka gyaɗa kai a masallaci. Sai dai ba a masallaci ake yanke irin wannan shari'ar ba, a bakin kogi ake yanke ta wurin wanki, kuma can ba ya zuwa.

'Yata ta ce mu kai kyanwar wani wuri mu huta. Na ce a'a. In ta ɓace yau, gobe za a ce na ɓoye ta a tukunya, ko na mai da ita cikina. Abin da ya ɗaure mu shi ne ba ta sata. To sai ta yi sata, a gaban idonsu, su ga kyanwa ce kamar ta kowa.

Ana cikin haka aike ya zo, wai gwaggon yaron, yayar ubansa, za ta ƙetaro ranar Alhamis ta sayi kifi a wurina. Matar da ruwa ke lasar bayan ɗakinta, 'ya'yanta maza duk da homar kamun kifi a kafaɗa, ita ce za ta hau jirgi ta zo sayen kifi. Na ce a gaya mata tana zuwa lafiya.

Na ɗauka warware abin da na ƙulla zai yi sauƙi. Na bar kifi a gabanta na shige ɗaki, ba ta taɓa ba. Na hana ta kasko, na kife ta da kwando a ƙuryar ɗaki, ruwa kawai nake ba ta. Tana kuka ina jinta, in fita bayan gida in tsaya har ta yi shiru. Da cikinta ya lafe na fito da ita na ajiye ta a bakin tabarma, na ɓuya. Ta shinshina iska, jikinta na rawa, ta je ta zauna a gindin kaskonta tana jira. Ranar na zage ta tas, na ce wace irin jaraba ce wannan, ke ba ki da zuciyar uwarki ne?

Sai na tuna da wata ƙa'ida da ke tsakaninmu, wadda ba wanda ya sani sai ni da ita. Kifin da ya taɓa ƙasa ba na sayar da shi, don yashi na shiga ƙayarsa, falke in ya tauna ya ji garas ba zai sake dawowa ba. Saboda haka duk wanda iska ta ture ko ya suɓuce daga hannuna ya faɗi a ƙasa, nata ne. Takan dube ni, in na yi shiru sai ta ɗauka.

Ranar Alhamis da hantsi gwaggon ta iso. Doguwar tsohuwa ce mai ƙaramin ido, maƙwabciyata ta rako ta, da wasu mata da suka ce hanya ce ta biyo da su, a gidan da ba ya kan hanyar ko'ina. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwa, daidai inda za su ga shanya. Na kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Tsohuwar ta kai bakinta, ta sauke, ruwan bai ragu ba.

Muka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi sauro. Sai ta ce, "An ce ke mutuniyar yamma ce."

Na ce, "Haka ne, Iya."

Ta ce, "Yamma da faɗi take. Mahaifiyar taki su wane ne danginta?"

Na faɗa mata garin da sana'arsu. Ta ce, "Uhm," ta dubi maƙwabciyata. A nan na ɗaga murya na ce wa 'yata ta buɗe ɗaki ya sha iska.

Kyanwar ta fito tana layi don yunwa. Ta wuce ta gaban matan ba ta dube su ba, ta je gefen shanya ta zauna ta naɗe ƙafafu. Ga karfasa, ga kawara, ga tarwaɗa tana naso a rana, duk a gaban hancinta. 

Tsohuwar ta ce, "Ita ce?"

Maƙwabciyata ta ce, "Ita ce, Iya. Haka take wuni."

Suka zuba mata ido. Ita kuwa ta ga dama ta lumshe nata. Na ji wata daga cikin matan tana motsa baki da addu'a, na ga tsohuwar ta janye ƙafarta ta cusa a ƙarƙashin zane. 'Yata na tsaye a ƙofar ɗaki, fuskarta kamar an yi mata mutuwa. Na ce bari in zaɓo wa Iya masu kyau. Na tashi na je na duƙa a tsakaninsu da kyanwar, bayana ya kare su, na sa diddige na ɗan ɗaga bakin tabarma. Karfasa ɗaya ta zame ta kwanta a yashi, dab da gefe. Na kwashi wasu a faifai na dawo na zauna ina yabon kitsensu.

Ta dube ni. Na san ta dube ni ko da yake idona na kan faifai. Na yi shiru.

Ba ta lallaɓa ba, ba ta waiga ba. Ta miƙe ta taka a hankali ta ɗauki kifin, ta koma wurinta ta kwanta ta fara ci daga kai, kamar yadda mai abu ke cin abinsa. Da ta gudu ma da ya fi mini sauƙi. Na ga idon tsohuwar ya buɗe, na san in na yi jinkiri za su ce ni na ba ta izini da ido. Na zabura na kurma ihu, na ce, "Ɓarauniya! La'ananniya, yau ma?" Na zari itacen banda na ɗaga a hankali don ta samu ta kauce. Ba ta kauce ba, don ba ta san ana dukanta ba. Itacen ya same ta a ƙafar baya. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta saki kifin, ta haura danga tana jan ƙafa.

Sai dariya ta ɓarke. Maƙwabciyata har da tafi, tana cewa, "Ban faɗa miki ba, Yaya? Ban faɗa miki ba tun ranar farko?" Na ce ai ta faɗa, kunya ce ta hana ni tona asirin kaina, kyanwar nan ta ci mini kifin da ya fi na ɓeraye. Na ƙirƙiro ɓarna iri-iri na jera musu, suna ta jajanta mini da fuska a sake. Wadda ke addu'a ɗazu ta ce ai hali zanen dutse ne. Tsohuwar ta yi murmushi ta ce, "Kyanwa ai kyanwa ce, 'yar nan. Wa ya aike ki?" Ta ɗauki ƙwaryar ta shanye ruwan tas, ta ce a ƙaro. Da za ta tafi ta kira 'yata ta dafa kanta, ta ce da an yanke shinkafa maza za su zo a sa rana. Kifin ma ta manta ba ta saya ba.

Da la'asar ina tattara shanya sai na ji motsi a danga. Ta sauko da ƙyar, ƙafa ɗaya a ɗage. Ta zo gefen tabarma ta zauna a wurinta, ta juya tana duban sama ko shirwa na tafe.

Na yi kuka ranar, irin wanda ban yi ba tun da aka fita da mijina. Na sungume ta na shige ɗaki kafin wani ya leƙo, na ɗaure mata ƙafar da tsumma, na ba ta tarwaɗa sukutum. Sai da na ajiye a ƙasa sannan ta ci. Na san in ta ƙara kwana uku a gidan nan tana gadin kifi, dariyar ɗazu za ta koma ciki, a ce wasa muka shirya ni da ita. Kuma da sun faɗi haka, da ba su yi ƙarya ba.

Washegari da sassafe na sa ta a kwando na rufe da zane, na ɗora kifi a sama, na shiga jirgin masu zuwa birni. Na kai ta gidan Babarbariyar nan. Matar ta buɗe kwandon, ta ga ƙafar, ta dube ni.

Ta ce, "Ɓarna ta yi miki?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To me ta yi?"

Na ce ta dai riƙe ta, kuma ta ƙwanƙwasa mata kasko kafin ta ba ta abinci, in ba haka ba ba za ta ci ba. Na fito ban tsaya shan fura ba. A gari na ce na yar da ɓarauniya a daji, aka ce na yi daidai.

An ɗaura auren bayan an yanke shinkafa. Maƙwabciyata ce ta fi kowa guɗa, ita ta riƙe amarya har cikin jirgi. 'Yata na ɗakinta har yau, ga 'ya'ya ga jikoki, ba wanda ya taɓa nuna ɗayansu da baki. Don haka ba na neman kowa ya gaya mini ko na kyauta ko ban kyauta ba. Sai dai ban sake sauka a gidan Babarbariyar nan ba, in na shiga birni ta wata ƙofar nake bi.

Da damina ta zagayo ɓeraye suka dawo. Wata safiya maƙwabciyata ta shigo ɗiban wuta da wani abu a cikin zanenta. Ta sauke 'yar kyanwa ja a gabana, wai ɗan'uwanta ne ya samo a wani ƙauye.

Ta ce, "Ga wannan, Yaya, ta rage miki ɓeraye. Ki kwantar da hankalinki, uwarta ɓarauniya ce ta gaske, kakarta ma haka."

Na yi godiya na karɓa. Ta yi shekaru a gidana tana cin kifina yadda ta ga dama, ni kuma ban koya mata komai ba.